Martin Gottfried: Mai Sharhin Wasan Kwaikwayo kuma Marubucin Tarihin Broadway

Martin Gottfried (1933–2014) ɗan jarida ne Ba'amurke, mai sharhi kan wasan kwaikwayo na dandamali, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta tarihin wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa na Broadway, wato manyan gidajen wasa na kasuwanci da suka taru a kewayen dandalin Times Square a tsakiyar birnin New York. Daga farkon shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970, aikinsa shi ne ya kalli sabon wasa da dare, ya rubuta hukuncinsa don jaridar gobe. Daga baya ya karkata ga rubuta littattafai. An fi tunawa da shi da abu biyu: sunan da ya laƙaba wa wani sabon salon wasan waƙa a ƙarshen shekarun 1960, wanda har yau da shi ake koyarwa, da kuma babban littafinsa mai hotuna, Broadway Musicals, na 1979. Ra'ayi ɗaya ne ya ratsa ayyukansa duka, cewa wasan waƙa sana'a ce ta dandamali, kuma abin da ido ya gani, kunne ya ji a daren wasa shi ne abin aunawa, ba abin da ke kwance a takarda ba.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1933, a unguwar Brooklyn ta New York. Ya yi digirinsa a Jami'ar Columbia, ya shiga makarantar koyon aikin lauya ta jami'ar amma bai kammala ba, sannan ya yi aikin soja a sashen leƙen asiri na rundunar Amurka. Da ya ajiye kaki sai ya fara rubutu a The Village Voice, jaridar mako-mako da aka kafa a 1955 a unguwar Greenwich Village, wadda ta zama muryar matasan marubuta da masu zane na birnin. Abin lura shi ne ba da wasan kwaikwayo ya fara ba. Sharhin kiɗan gargajiyar Turai aka ba shi. Wannan farawa ta yi masa rana, domin da yawa daga cikin masu sharhin wasa na lokacin ta ƙofar adabi suka shigo, sun iya auna labari da zance, amma idan kiɗa ya tashi sai su tsaya ga cewa waƙar ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Gottfried yana iya faɗin abin da kiɗan ke yi wa wasan, da inda ya ɗaga shi, da inda ya danne shi.

Jaridar da ta fito da sunansa ita ce Women's Wear Daily, jaridar masu sana'ar tufafin mata, wadda aka kafa a 1910. Ga wanda bai san New York ba, abin zai zo da mamaki, a ce jaridar masu ɗinki da dillalan kaya tana da mai sharhin wasa. Amma unguwar masana'antun tufafi tana maƙwabtaka da unguwar gidajen wasa, kuma 'yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya daga sauran jihohi suna cikin masu sayen tikiti da yamma, wasu attajiran sana'ar ma suna zuba jari a wasanni. Gottfried ya fara da sharhin ƙananan gidajen wasa da ake kira Off-Broadway, sannan a 1963 ya zama babban mai sharhin jaridar. Bai wuce shekara 30 ba a lokacin, ya kuwa shiga ƙungiyar masu sharhin wasa ta New York, wadda aka kafa a 1935, ya zauna cikin dattawan da wasunsu sun haife shi.

Ya shigo aikin ne a daidai lokacin da jaridun birnin ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yajin aikin ma'aikatan ɗab'i na 1962 zuwa 1963 ya rufe jaridu kwana 114. Daily Mirror ta daina fitowa a 1963. Wasu uku, Herald Tribune da Journal-American da World-Telegram and Sun, suka haɗe a 1966, haɗakar kuma ta rushe a 1967. Manyan jaridun kullum suka koma uku: New York Times da Daily News da New York Post. Tasirin wannan ga gidajen wasa babba ne. A dā wasa yakan samu hukunci daga bakuna bakwai, idan wannan ya kushe wancan ya yaba. Yanzu kusan komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya, mai sharhin Times. Al'adar daren buɗe wasa kuma ba ta ba mai sharhi sararin tunani: labule na sauka zai fita da sauri ya nufi ofis, ya rubuta cikin ɗan lokaci kafin a rufe shafi, yayin da 'yan wasa da furodusa ke zaune a gidan cin abinci na Sardi's suna jiran fitowar jarida su ga makomarsu. Wasan da aka kashe wa dukiya da watanni na atisaye yana iya rufewa cikin mako guda. A irin wannan yanayi, muryar da ke fitowa daga ƙaramar jarida, ba ta jin tsoron saɓa wa Times, tana da amfani fiye da yawan masu karanta ta. Gottfried ya yi suna da kaifin alƙalami da rashin kwana-kwana, kuma 'yan sana'ar suna karanta shi ko da ba sa sayar da tufafi.

Littafinsa na farko, A Theater Divided, ya duba dandamalin Amurka tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya aro kalmomin siyasa ya raba fagen gida biyu, ɓangaren dama da ɓangaren hagu. Na dama shi ne Broadway: ƙwarewa, kuɗi, iya riƙe 'yan kallo, da tsoron duk abin da ba a saba da shi ba. Na hagu ya ƙunshi ƙananan gidaje da ƙungiyoyin gwaji da gidajen wasa na sauran birane, waɗanda suke da tunani da ƙarfin hali amma sau da yawa suna raina nishaɗi. Lokacin ya dace da wannan nazari, domin a shekarun ne gidaje irin su La MaMa, wanda Ellen Stewart ta buɗe a 1961, da gidan wasa na Guthrie a Minneapolis, wanda aka buɗe a 1963, suke nuna cewa Broadway ba ita kaɗai ce dandamalin ƙasar ba. Damuwar Gottfried ita ce rabuwar tana cutar da kowane ɓangare. Littafin ya ci kyautar George Jean Nathan ta shekarar 1967 zuwa 1968, wadda ita ce mafi daraja ga masu sharhin wasa a Amurka, kuma shugabannin sassan Ingilishi na jami'o'in Cornell da Princeton da Yale ne ke zaɓen wanda za a ba. Kafin shi mutane irin su Harold Clurman da Walter Kerr da Eric Bentley sun karɓe ta. Ya kuma tara sharhinsa na shekarun 1960 a littafin Opening Nights.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu ra'ayin sauyi shi ne bai ɗauki wasan waƙa a matsayin shirme na neman kuɗi ba. Gani yake nan ne Amurka ta ƙirƙiro abin da yake nata. Don a fahimci gudummawarsa, sai an san yadda salon yake kafin zuwansa. A farkon ƙarni na 20 labarin wasan waƙa hujja ce kawai ta jera waƙoƙi da raye-raye da barkwanci. Show Boat na Jerome Kern da Oscar Hammerstein, a 1927, ya nuna ana iya ɗora waƙa kan labari mai nauyi, har da batun wariyar launin fata. Oklahoma! na Richard Rodgers da Hammerstein, a 1943, wanda aka nuna sau 2,212, ya mayar da hakan doka: kowace waƙa ta fito daga bakin wanda ya dace a lokacin da ya dace, ta tura labari gaba, rawa ma ta faɗi wani abu game da zuciyar mai yin ta. Shekara ashirin da wani abu wannan ne ma'aunin da ake gwada kowane sabon wasa da shi.

A tsakiyar shekarun 1960 ma'aunin ya fara kasa auna abin da ke fitowa. Cabaret, wanda Harold Prince ya ba da umarni a 1966, da kiɗan John Kander da baitocin Fred Ebb, yana da labarin soyayya a birnin Berlin gab da hawan 'yan Nazi mulki, amma rabin waƙoƙinsa ba sa cikin labarin. A wani gidan rawa ake rera su, wani mai gabatarwa da fuskarsa ta sha farar hoda yana jagoranta, kuma aikinsu shi ne su yi sharhi kan lalacewar al'ummar da ke rawa alhali wuta na tunkaro ta. Mai tsara dandamali, Boris Aronson, ya rataya ƙaton madubi yana fuskantar zauren, 'yan kallo suna ganin kansu a ciki. Shekara biyu bayan haka Prince da Kander da Ebb suka kawo Zorba, daga littafin marubucin Girka Nikos Kazantzakis, inda gungun makaɗa da mawaƙa ke zaune tun buɗe labule, su ne ke ba da labarin, suna kuma sa baki a cikinsa. A sharhinsa na wannan wasa a 1968 Gottfried ya nuna cewa ginshiƙin aikin ba labarin ba ne, tunanin darakta ne game da yadda dukan wasan zai kasance. Daga nan ake danganta masa sunan concept musical, wato wasan jigo, wanda aka gina kan tunani ɗaya, saɓanin wasan labari irin na Rodgers da Hammerstein.

Salon ya nuna sosai a ayyukan Prince da mai kiɗa da baiti Stephen Sondheim. Company, a 1970, ba shi da labari mai farko da ƙarshe. Wani gwauro ne ɗan shekara 35 da abokansa ma'aurata gida biyar, ana ta juya tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban: mene ne ribar aure, mene ne kuma kuɗin da ake biya? Follies, wanda aka buɗe a gidan wasa na Winter Garden a Afrilun 1971, Prince da Michael Bennett suka ba da umarni tare, ya tara tsofaffin 'yan rawa a gidan wasansu na dā da za a rushe, ƙuruciyarsu tana yawo a bayansu cikin siffar fatalwa. Manyan masu sharhin Times biyu, Clive Barnes da Walter Kerr, ba su karɓe shi da hannu biyu ba. Sai ga Gottfried a shafin Lahadi na ita Times ɗin, cikin watan, yana kare wasan da dukan ƙarfinsa. A nan ya ba da bayanin salon da aka fi ambata: kiɗa da baiti da rawa da motsin 'yan wasa da zance duk an sarƙa su cikin juna kamar yadda masaƙi ke sarƙa zare, don su fitar da jigo, ba don su yi wa labari hidima ba. Kasuwa ba ta bi bayansa ba. An nuna Follies sau 522, ya ci kyautar Tony ta wasannin Broadway guda bakwai, amma jarin da aka zuba ya nutse. Zamani ne ya gaskata shi, domin yau ana lissafa wasan cikin manyan ayyukan Broadway, ana kuma ta sake shirya shi a New York da Landan.

Wannan fahimta ta sauya amsar wata tsohuwar tambaya: wa ke da wasa? A dā sunan mai kiɗa da mai baiti ake kira. A idon Gottfried, mawallafin gaskiya na sabon salon shi ne darakta, musamman daraktan da shi ne kuma mai tsara rawa, irin su Jerome Robbins, wanda ya shirya West Side Story a 1957 da Fiddler on the Roof a 1964, da Bob Fosse, da Michael Bennett. Shekarar 1975 ta ƙarfafa hujjarsa: A Chorus Line na Bennett, wanda aka gina daga hirarrakin 'yan rawa game da rayuwarsu, ya kai nuni 6,137 kafin ya rufe a 1990, Chicago na Fosse kuma ya ba da labarin kisan kai da shari'a ta hanyar jerin wasannin nishaɗi irin na dā. Duk da haka sunan yana da rauni. Ya yi faɗi har kusan duk wasan da ya kauce wa tsohon tsari ana iya saka shi ciki, kuma masana sun nuna cewa Allegro na 1947 da Love Life na 1948 sun riga sun taka wannan hanya. Akwai kuma haɗarin a ɗauki tarihin a matsayin tsani, wasan jigo a sama, wasan barkwanci mai sauƙi a ƙasa, alhali shi ma yana da tasa gwaninta mai wuyar samu. Amma kafin a samu sunan, 'yan kallo da masu sharhi suna tuhumar waɗannan wasanni da rashin labari. Bayan an same shi, sai aka fara tambayar abin da suke ƙoƙarin yi.

A 1974 Gottfried ya zama babban mai sharhin New York Post, ya gaji Richard Watts, wanda ya riƙe kujerar tun 1946. Zamansa bai yi tsawo ba. Rupert Murdoch ya sayi jaridar a ƙarshen 1976, ba da jimawa ba Gottfried ya bar ta, Clive Barnes ya baro Times ya hau kujerar. Ya ci gaba da sharhi a mujallar Saturday Review, daga baya kuma a New York Law Journal, jaridar lauyoyi, amma ƙarfinsa ya koma kan littafi.

Broadway Musicals ya fito a 1979 daga kamfanin Harry N. Abrams, wanda ya shahara da littattafan zane-zane. Littafi ne ƙato, mai ɗaruruwan hotuna. Ba shi ne tarihin farko na salon ba. Cecil Smith ya rubuta nasa a 1950, Stanley Green ya bi ta kan masu kiɗa da masu baiti a 1960, Gerald Bordman kuma a 1978 ya fitar da kundin da ya bi wasanni kaka bayan kaka. Waɗannan sun amsa tambayar me aka yi, yaushe, wa ya yi. Gottfried ya ɗauki wata tambaya: yaya ake yi? Ya warware wasan gunduwa-gunduwa, labari da kiɗa da baiti da tsarin dandamali, ya nuna aikin kowanne da yadda suke cin karo a lokacin atisaye, sannan ya bi manyan daraktoci da manyan masu kiɗa irin su Kern da Irving Berlin da George Gershwin da Cole Porter da Rodgers. Bai ɓoye ra'ayinsa a ko'ina ba. Mai karatu zai iya ƙin yarda da shi a shafi ɗaya, ya yarda a na gaba, kuma wannan na cikin abin da ya raya littafin.

Darajar aikin tana da nasaba da yanayin sana'ar kanta. Wasan dandamali ba ya barin gawa. Idan ya rufe, ana kwance katakai, a mayar da tufafi ma'aji, 'yan wasa su watse. Faifan waƙoƙi yana adana sauti, rubutaccen wasa yana adana zance, amma tsayuwar 'yan rawa da sauyin fitilu da yadda wani fage ke narkewa cikin wani, wato ainihin abin da Gottfried ya ce shi ne wasan, ba su da ma'aji. Sai a 1970 ne ɗakin karatu na jama'a na New York, bisa ƙoƙarin Betty Corwin, ya fara ɗaukar wasanni a bidiyo don ajiya. Abin da ya gabaci haka, mafi yawansa, sai a hotuna da bakin waɗanda suka gani. Mutumin da ya zauna a zauren dare bayan dare, ya kuma iya bayyana abin da ya gani, shaida ne da ba a iya maye gurbinsa. Ga ɗimbin matasa da ke nesa da New York, wannan littafi ne ya fara nuna musu kamannin wasannin da suka sani a faifai kawai.

Ci gabansa, More Broadway Musicals, ya fito a 1991, ya ɗauko daga 1980. Duniyar da ya tarar ta sauya. Gower Champion ya rasu a ranar buɗe wasansa 42nd Street a 1980, Bennett da Fosse duka sun rasu a 1987, cutar ƙanjamau ta yi wa 'yan sana'ar mummunar ɓarna, manyan wasanni daga Landan, Cats a 1982 da Les Misérables a 1987 da The Phantom of the Opera a 1988, suka mamaye kasuwa. Zuriyar daraktoci masu tsara rawa da ya gina nazarinsa a kanta ta kusa ƙarewa.

Sauran ƙarfinsa ya tafi ga tarihin rayuwar mutane. Na farko, a 1984, kan Jed Harris ne, furodusa kuma darakta wanda ya jera wasanni huɗu masu cin kasuwa tsakanin 1926 da 1928, ya shirya Our Town a 1938, amma mugun halinsa ya kore masa kowa, har ɗan wasa Laurence Olivier ya ce halin Harris ya kwaikwaya lokacin da ya fito a matsayin azzalumin sarki Richard na Uku. Wanda ya fi shahara shi ne All His Jazz na 1990, tarihin Bob Fosse, yaron Chicago da ya tashi yana rawa a gidajen dare, ya zama mutumin da ya haɗa kyautar Oscar da Tony da Emmy a shekara ɗaya, 1973, ya kuma faɗi a titin Washington ya rasu a daren buɗe sabon shirin Sweet Charity. A nan ilimin Gottfried na dandamali da son bin diddigin halin mutum suka haɗu daidai, domin rawar Fosse, da sunkuyar da kafaɗa da karkata hula da juya gwiwa ciki, ba ta rabuwa da rayuwarsa. Littafin ya daɗe shi ne madogara kafin Sam Wasson ya fitar da nasa mafi faɗi a 2013.

Ya rubuta littafi kan Sondheim a 1993, kan 'yan wasa Danny Kaye a 1994 da George Burns a 1996, sai na 'yar wasa Angela Lansbury a 1999, wanda aka yi da amincewarta. Na ƙarshe cikin manyan ayyukansa shi ne tarihin Arthur Miller, marubucin Death of a Salesman da The Crucible, wanda ya fito a 2003. Miller ya fara ba shi haɗin kai, daga baya ya janye da ya ga binciken zai shiga rayuwarsa ta gida, Gottfried kuma ya ƙarasa littafin ba tare da shi ba, Miller yana raye. Littafin ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, tare da tsayuwar Miller gaban kwamitin majalisa a 1956, inda ya ƙi ambaton sunayen waɗanda ake zargi da ra'ayin kwaminisanci, da aurensa da 'yar fim Marilyn Monroe.

Baya ga rubutu, ya koyar da darussan wasan kwaikwayo a jami'o'i, ciki har da Columbia inda ya yi karatu. Ya rasu a New York ranar 6 ga Maris, 2014, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 80.